Hedifon ɗin riyal 5,600 yana sa ni ciwon kai, kuma maiɗakina ba ta san kuɗinsa ba

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, a nan na tashi, iyayena mutanen Kano ne. Sana'ata naɗar karatun Alƙur'ani da wa'azi da fassarar Hausa. Ina gyara su a kwamfuta, malamai su tura wa jama'a ta WhatsApp da YouTube, kuma aikin ya fi yawa idan Hajji ya gabato. Wata biyar da suka wuce na sayi hedifon mai rufaffen baya, irin manyan nan masu fata da katako, a kan riyal 5,600, ina biya kashi-kashi. Na ce wa kaina araha ba ta ado, kuma kayan aiki ne. Amma na gaya wa maiɗakina riyal 800 na saye shi, domin a lokacin muna tara kuɗin haya.

Yanzu ga halin da nake ciki. Idan na sa shi awa ɗaya sai kunnena ya jiƙe da gumi, tsakiyar kaina da gefen haɓata su kama ciwo. Ina sa tabarau. Muryar mai karatu tana fitowa kamar a cikin akwati, haruffan sin da shin kuma suna tsaga mini kunne. Abin da na gyara da shi idan aka saurara a waya sai ya fito wani iri. Fatar matashin kunnen ta fara ɓarewa, mahaɗin gefe ɗaya yana ƙara idan na juya kai. Mai shagon ya ce sai na ƙara sayen amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta riyal 2,000, kuma in bar shi yana kaɗawa awa ɗari kafin ya nuna. Maiɗakina kuma tana ƙorafin tana kira ba na ji, har yaro ya taɓa faɗuwa yana kuka ban sani ba. Wani lokaci bayan aiki ina jin ƙara siririya a kunne. Shin kunnena ne bai iya ba, ko cutata aka yi? In sayi amfilifayar? Kuma yaya zan yi da maganar kuɗin?

Ɗan'uwanku a Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, kada ka sayi amfilifayar nan. Da wannan na fara domin ita ce kaɗai ɓarnar da ba a riga an yi ba, kuma hana ta yana hannunka. Kunnenka kuwa ya iya. Duk abin da ka lissafa, daga sautin akwati zuwa gumi da ciwon kai, halin rufaffen hedifon ne da aka sani, kuma tsada tana rage wasu daga ciki ne kawai, ba ta kawar da su. Wasu ma tsadar ce ke ƙara su.

A cikin kowane kofin hedifon akwai 'yar lasifika mai fata siririya da ke kaɗawa gaba da baya. Duk sautin da ta turo zuwa kunnenka, tana tura kwatankwacinsa ta baya. A hedifon mai buɗaɗɗen baya, wanda kamfanin Sennheiser ya fara fitarwa a 1968, wannan sautin na baya ficewa yake yi ta raga ya bi iska. A rufaffe kuwa ba shi da mafita. Sai ya bugi bangon kofin ya dawo, ya sake ratsa fatar lasifikar, ya gauraya da sautin da kake ji. Wasu sassan muryar su ƙaru, wasu su danne juna. Ka taɓa leƙa baki cikin tulu ka yi magana? Muryarka ce dai, amma tulun ya ƙara mata nasa. Abin da kake kira akwati ke nan.

Kamfanoni sun daɗe suna kokawa da wannan. Suna cusa auduga da soso a cikin kofin don su shanye sautin, suna huda ƙananan ramuka, suna karkata lasifikar. Sennheiser a 2018 ya fitar da HD 820 da murfin gilashi mai lanƙwasa, don ya karkatar da sautin baya zuwa wuraren da za su shanye shi. Fostex yana sassaƙa kofin TH900 da katako ya shafe shi da fentin gargajiyar Japan, Denon kuma ya yi AH-D9200 da gora. Wannan wahalar duka shaida ce cewa matsalar tana nan. Ban kawo sunayen don in kushe su ba, aikin gwaninta ne. Amma ka lura da wani abu: a gidajen da ke yin iri biyun, sau da yawa rufaffen yana kai buɗaɗɗen tsada ko ya fi shi, kuma masu aikin gyaran sauti da yawa sun fi amincewa da buɗaɗɗen. Wani ɓangare na kuɗin da ka biya, kuɗin gyaran lahanin da rufewar ta haifar ne.

Akwai kuma abin da ya shafi aikinka kai tsaye. Yawancin manyan hedifon ɗin nan ba don gyaran murya aka yi su ba, don jin daɗin kiɗa aka yi su. Ana ƙara musu kaurin sauti a ƙasa da kaifi a sama, domin a minti biyar ɗin farko a shago su burge mai saye. Muryar namiji mai karatu tushenta yana tsakanin 85 zuwa 180 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramin adadi kauri, babba siranta), cikarta da gunnarta suna sama da haka kaɗan, daidai inda rufaffen kofi ya fi yin kumburi ko rami. Haruffa masu shewa kuwa, sin da sad da shin da zayi, ƙarfinsu yana can sama, wajen 5,000 zuwa 10,000 Hz, inda ake ƙara kaifin. To idan hedifon ya nuna maka sin tana tsaga, sai ka rage ta a kwamfuta. Idan ya nuna maka muryar ta yi kauri, sai ka rage kaurin. Alhali a ainihin naɗin ba haka suke ba. Ka gyara lahanin hedifon ɗinka a jikin karatun malam, sai mai saurare a Kano ko Damagaram ya ji murya ta bushe, haruffa sun dushe. A kiɗa wannan ɗan ƙaramin abu ne. A karatun Alƙur'ani, inda bambancin sin da sad yake canza kalma, ban ɗauke shi ƙarami ba.

Kuma ka tuna su wa ke sauraronka. Mafi yawansu da lasifikar waya suke ji, wasu a mota, wasu da 'yar ƙaramar rediyo mai katin ajiya a rumfar kasuwa. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da kaurin nan da hedifon ɗinka yake taƙama da shi. Saboda haka ko wane hedifon ka koma, kada aiki ya bar hannunka sai ka saurare shi a wayarka, ba tare da komai a kunne ba, sannan ka ji shi a mota.

Yanzu maganar tabarau, wadda ka ambata a wuce, alhali ina zargin rabin matsalar sautin tana wurin. Rufaffen hedifon yana dogara ne da matashin ya manne da fatar kai ya toshe iska gaba ɗaya. Da zarar an sami 'yar kafa, kaurin sautin sai ya zube. Ƙafar tabarau tana buɗe wannan kafa. Haka gefen hula, haka shimagi, mayafin kan nan na Larabawa, idan ka ɗora hedifon a kansa, haka gemu mai cika da ya hau har gindin kunne. Kuma kafar ba ta zama daidai a ɓangarori biyu, sai kunne ɗaya ya ji kauri ɗaya ya ji rama, yau daban gobe daban, gwargwadon yadda ka ɗora shi. Mutum ba zai yi awo da ma'aunin da ke canzawa kullum ba.

Ka gwada da kanka yau. Kunna karatun da ka sani sosai, ka cire tabarau da hula, ka saurara. Mayar da tabarau, ka sake saurara. Sannan ka ɗan danna kofunan biyu da tafin hannu a hankali. Idan sautin ya canza sosai, to iska tana fita. Na ce a hankali domin iskar da ke tsare a ciki tana matsa fatar lasifikar, kuma a wasu irin har za ka ji ta yi ƙaras kamar an murza leda. Idan gwajin ya nuna tabarau ne, akwai masu siririyar ƙafar ƙarfe da ke kwanciya a jikin kai, ko ka ɗaga ƙafafun su zauna a saman matashin. Wannan yana ragewa. Amma ka ga inda aka kai: kai ne kake sauya shigarka don ka dace da kayan da ka saya, maimakon kayan su dace da kai.

Ciwon haɓa ma daga nan ya samo asali. Tunda sai an toshe iska, dole maɗaurin ya matse kai fiye da na buɗaɗɗe. Matsin yana sauka ne a gaban kunne, daidai mahaɗin muƙamuƙi, yana kuma danna ƙafar tabarau cikin nama. Ciwon tsakiyar kai kuwa nauyi ne. Katako da ƙarfe da fata suna da kyan gani, amma wuya ne ke ɗaukarsu. Focal Stellia ya kai giram 435, Sony MDR-Z1R da AirPods Max na Apple kowanne wajen giram 385, Audeze LCD-XC kuwa ya haura giram 600. Kwatanta da Sony MDR-7506 da ake amfani da shi a gidajen rediyo tun 1991, giram 230 kacal, ko Beyerdynamic DT 770 Pro mai giram 270. Mai sauraron waƙa biyu bayan isha'i ba zai damu da bambancin ba. Kai da kake zama awa biyar kana yanka numfashi da tari daga cikin wa'azi, kowane giram kana jin sa.

Sai zafi. Waɗanda suka zana hedifon ɗin nan a Jamus da Faransa da Japan ba da rani irin na Jidda suka auna shi ba. Garin da zafinsa ya taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, ga kuma laimar Bahar Maliya da ke sa riga ta manne a jiki tun kafin ka isa mota. Rufaffen kofi mai matashin fata ba ya barin zafi ko gumi su fita, ko da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki. Ɓarewar da ka gani kuwa tana nuna wataƙila abin da aka ce maka fata, fatar roba ce, wato yadi da aka shafa wa siririn leda a sama. Laima da zafi suna ruɓar da wannan ledar, gumi da man gashi suna gaggauta abin, turare mai barasa ko man oud da muke shafawa a gemu da bayan kunne kuma suna ƙarasa ta. Ko fatar gaske ce, tana shan gumi ta yi duhu, idan ba a kula ba ta bushe ta tsage. Katako shi ma ba ya son a fito da shi daga ɗaki mai sanyi a ajiye a motar da ta yini a rana. Kada ka taɓa barin sa a mota.

Matashin sabo na irin waɗannan yakan ci ɗaruruwan riyal, wani lokaci sai an yi odarsa daga waje. Idan ka sa na wani kamfani mai araha, ko ka koma na karan-miski don ka huta da gumi, sautin zai canza, domin matashin wani ɓangare ne na yadda aka daidaita shi. Na karan-miski ya fi sanyi a kunne amma yakan rage kauri da toshewa. Ƙarar mahaɗin da kake ji kuwa, rufaffen kofi yana ƙara mata ƙarfi ne, kamar yadda yake ƙara ƙarar waya idan ta goga a kwalar riga. Amma mahaɗin da ke ƙara a wata biyar, a kayan riyal 5,600, aibi ne, kuma zan dawo kansa.

Game da mai shagon, ba zan ce ya yi niyyar cutarka ba, ban san zuciyarsa ba. Amma maganarsa ba ta tsaya ba. Amfilifaya tana da amfani idan hedifon yana buƙatar ƙarfin da kwamfuta ba ta iya bayarwa, kamar masu om 250 ko 300 (om shi ne ma'aunin turjiyar hedifon ga wutar lantarki). Alamar haka ita ce ka ƙure murya amma sautin bai kai ba. Kai ba ka yi kukan rashin ƙara ba, hasali ma ina tsoron ƙarar ta yi maka yawa. Manyan rufaffun da yawa an yi su ne da ƙarancin om don ko waya ta iya kaɗa su, Stellia ɗin da na ambata om 35 ne. Amfilifaya ba ta canza siffar kofi, ba ta toshe kafar tabarau, ba ta rage nauyi, ba ta busar da gumi. Zancen awa ɗari kuma, waɗanda suka auna hedifon da na'ura kafin da bayan dogon kaɗawa, canjin da suke samu ɗan kaɗan ne. Abin da ke canzawa da gaske biyu ne: kunne yana sabawa, matashi yana lotsawa. Kai da ka yi wata biyar kana aiki da shi ka wuce awa ɗari tuntuni. In da zai nuna da ya nuna.

Idan kana son rage sautin akwatin ba tare da kashe ko sisi ba, akwai ikwalaiza, wato manhajar da ke ƙara ko rage sassan sauti. Manhajojinta kyauta ne a kwamfuta, kuma masu aune-aune sun wallafa gyaran hedifon iri-iri bisa ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman tun daga 2013. Nemi na samfurinka ka ɗora shi a kan abin da kake ji kawai, kada ya shiga cikin naɗin. Zai taimaka wa sautin ƙwarai. Ba zai taɓa ciwon kai ba.

Ƙarar siririyar da kake ji bayan aiki ta fi damuna fiye da duk abin da ya gabata. Wannan kunne ne yake gaya maka ya gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Rufaffen hedifon marar na'urar kashe ƙara yana tare siraran ƙara masu kaifi, kamar maganar mutum da kukan yaro, amma gurnanin mukayyif da na manyan motoci yana ratsa shi. Sai mutum ya riƙa ƙara murya don ya rufe gurnanin bai sani ba. Rage muryar zuwa inda za ka iya jin kowane harafi ba tare da ƙoƙari ba, ka tsaya nan. Cire shi kowace awa na minti goma, ka goge kunne da matashin da busasshen ƙyalle. Kuma ka je wurin likitan kunne a yi maka gwajin ji, kada ka jira. Idan akwai ƙaiƙayi ko ruwa ko zafi a cikin kunnen ka faɗa masa, domin gumi da laima a rufaffen wuri suna jawo ciwon ramin kunne. Da kunnen nan kake ci da iyalinka.

Ka ga abin da na faɗa yanzu ya bayyana ƙorafin maiɗakinka. Hedifon ɗin yana barin gurnanin mukayyif ya shigo, yana tare muryarta da kukan ɗanku. Gaskiya take faɗa. Mace da ke cikin gida da ƙaramin yaro, mijinta yana ɗaki ɗaya da ita amma sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ya san tana magana, dole ranta ya sosu. A nan ƙasar ba kamar gida ba ne da za ta leƙa tsakar gida ta sami abokiyar hira ko maƙwabciya ta karɓi yaro. A gidan bene take, ƙofa a rufe, kai ne mutumin da take da shi a kusa.

To ka tambayi kanka, yaushe ne aikinka yake buƙatar rufaffe da gaske? Lokacin naɗi ne kawai, sa'ad da makirufo yake buɗe, don kada sautin hedifon ya zubo ya koma cikin naɗin. Nan rufaffe ba shi da madadi. Ko a masallaci ko wurin taro mai hayaniya. Amma awannin da kake zaune a gida kana yanka da jerawa, makirufo a kashe, buɗaɗɗe ya fi maka ta kowace fuska: sautin murya ya fi fitowa yadda yake, tabarau ba ya dagula shi sosai, iska tana shiga, kuma za ka ji an kira ka, ka ji kiran salla. Illarsa ita ce wanda ke kusa da kai zai ɗan ji abin da kake saurare, kuma hayaniyar gida za ta shigo. Wannan sai ku tsara lokaci kai da ita.

Shawarata a kan kayan ita ce ka rabu da shi, amma bi da bi. Fara da garanti. Nemo faturarka, wato rasit ɗin saye. A Saudiyya kayan lantarki suna da garantin shekara biyu daga wakilin kamfani, kuma wata biyar kacal ka yi. Kai shi wurin wakilin, ba wurin mai shagon kaɗai ba, ka nuna mahaɗin, ka karɓi takardar shaidar sun amsa. Matashi sau da yawa ana lissafa shi cikin abubuwan da ke cinyewa da amfani, don haka kada ka sa rai sosai a kansa, amma ka nuna shi, ɓarewa a wata biyar abin magana ne. Idan aka yi ta ja maka rai, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajarta ta waya. Mayarwa a karɓi kuɗi kuwa lokacinsa ya wuce. Ko a cinikin intanet kwana 7 doka ta bayar, shi ma ga kayan da ba a yi amfani da su ba.

Idan ya dawo a gyare, saka shi a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, ko ka yi cigiya cikin masu sha'awar irinsa. Akwai wanda ba ya sa tabarau, kansa ya dace da shi, kiɗa yake so ya ji na rabin awa, zai ji daɗinsa. Ka sa a ranka za ka yi asara, wataƙila mai yawa, domin kayan nan farashinsu yana faɗuwa da an buɗe kwali. Kuma ka bayyana duk aibinsa ga mai saye, har da gyaran da aka yi. Ka san hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin hatsi ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa. Kai da kake naɗar wa'azi ba sai na tsawaita ba.

Da abin da ka samu, fara biyan sauran bashin. Sannan ka sayi biyu masu sauƙin kuɗi maimakon ɗaya mai tsada. Rufaffe na naɗi, irin MDR-7506 ko DT 770 Pro ko Audio-Technica ATH-M50x, kowannensu 'yan ɗaruruwan riyal ne. Su ma suna da nasu: na farko da na biyu suna da kaifi a sama, matashin na farko da na uku yana ɓarewa a zafi. Bambancin shi ne matashinsu yana da araha kuma ana samu, kuma ba za ka daɗe da su a kai ba. Sai buɗaɗɗe na gyara, irin Sennheiser HD 600 da ke kasuwa tun 1997, wanda aka san shi da fitar da muryar mutum ba ƙari. Shi om 300 ne, amma akwatin sautin da kake haɗa makirufo da shi mai yiwuwa ya ishe shi, ka gwada kafin ka ƙara sayen komai. Idan kuɗin bai kai ba, ɗauki rufaffen tukuna, buɗaɗɗen ya jira bayan Hajji. Kuma wannan karon ka je shago da tabaraunka, da karatun da ka sani a wayarka, ka zauna da shi a kai rabin awa. Shagon da bai yarda ka gwada ba, wuce gaba.

Saura maganar riyal 800. Ƙanena, ka gaya mata, kuma kafin ka sayar, ba bayan ka sayar ba. Idan ka sayar a ɓoye ka toshe ramin, ƙarya ta biyu za ka ɗora a kan ta farko, domin za ta tambayi inda ya tafi da inda sababbin suka fito. Kuma kuɗin nan ba naka kai kaɗai ba ne a ma'ana, tunda tare kuke tara na haya, ita ma ta matse bakin aljihunta, wataƙila ta haƙura da abubuwan da take so. Kowane wata da kake cire kashin biya, daga cikin haƙurinta kake cirewa ba ta sani ba.

Zaɓi lokacin da yaro ya yi barci. Faɗi adadin gaskiya da bakinka, 5,600, da abin da ka biya da abin da ya rage. Kada ka fara da bayanin kofi da katako, kada ka jingina laifin ga mai shago, kada ka ce ai don aiki ne. Ta san don aiki ne, abin da zai ɓata mata rai shi ne ɓoyewar. Ka ce ka ji kunya ne ka rage kuɗin, ka nemi afuwarta, ka kuma nemi afuwa a kan ranar da yaro ya faɗi. Idan ta yi fushi, haƙƙinta ne, ka bar ta ta yi, kada ka nemi ta huce a daren. Bayan nan ka nuna mata tsarin: garanti, sayarwa, biyan bashi, da abin da zai koma asusun haya. Ka bar ta ta sa baki a kan farashin da za ku karɓa da kuma ko a sayi buɗaɗɗen yanzu ko a jira. Kafin duk wannan ya kammala, idan kana gyara a gida ka zame kofi ɗaya daga kunne, ka bar ƙofar ɗakin a buɗe, kuma ka ɗauki lokacin ganin likitan a cikin makon nan.